Muryar Baba a Cikin Waya

Mahaifina magini ne, na ginin ƙasa. Shi ya gina ɗakin da aka haife ni a ciki, a gidanmu da ke wani lungu kusa da Ƙofar Mazugal. Soro ne na tubali da azara, kaurin bangonsa ya kusa kamu biyu. Muna yara, in rana ta take tsaka sai mu gudu ɗakin mu kwanta a daɓe, sanyinsa kamar ka tura kai cikin randa.

Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake ce mini, ko a gaban baƙi, ko yana yi mini faɗa. Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan da Inna ta haifa, ni da ƙanena, kuma na ba shi shekara goma sha ɗaya.

Ina aji uku na sakandare na rubuta wani labari a littafin rubutu mai bangon ruwan ƙasa. Labarin Kano ne bayan shekara ɗari. Rana ta yi zafin da ba a iya fita, mutane sun haƙa gidaje a ƙarƙashin ƙasa, ruwan sha sai an auna wa kowa da ludayi. In mutum ya mutu, ana zuba maganarsa a wani akwatin ƙarfe, iyalinsa su riƙa zuwa suna gaishe shi. Na karanta wa Baba a zaure yana gyaran ƙotar cebur. Bai ce komai ba game da matattun. Abin da ya dame shi daban ne.

"To su waɗannan da suka shige ƙasa, da me suka yi rufi?"

Na ce ban yi tunanin wannan ba.

"Ai kuwa zai rufto musu. Ki koma ki sa musu azara, Uwata."

Na yi dariya, na jefa littafin a akwatin Inna. Daga baya na zama malamar makaranta, na yi aure a Gwammaja, na daina rubuta komai sai darasi.

A shekarun da suka biyo baya unguwar ta sauya a kan idonmu, a hankali yadda ba wanda ya ce uffan. Kududdufin da ke bayan layinmu, inda Baba yake ɗibar ƙasa kuma ruwan damina yake taruwa, aka cike shi da shara, aka yanka filaye. Maƙwabcinmu na gabas ya rushe gidansa ya ɗora bene na bulo, na kudu ma ya bi sahu. Aka sare darbejiyar ƙofar masallaci don a faɗaɗa shago. Rijiyarmu ta fara ƙafewa a bazara, daga baya ta ƙafe gaba ɗaya. Aikin Baba ma ya ƙafe, don ba mai son ginin ƙasa kuma. Ya koma zama a zaure, sai yaɓen ɗakinsa da yake yi da kansa duk shekara kafin ruwa ya sauka.

Ƙanena ya karanci kwamfuta, ya buɗe shago wajen Ƙofar Wambai. Mutum ne mai son iyayensa, kuma hanyar da ya sani ta nuna so ita ce ya kawo na'ura. Ya ɗora sola a kan soro, ya sayo fanka mai caji, ya saya wa Baba waya ya koya masa aika saƙon murya. Baba bai iya boko ba, sai abin ya yi masa daɗi. Kullum da hantsi sai saƙonsa ya shigo mini ina tsakiyar aji. Yakan yi sallama, ya jira kamar zan amsa, sannan ya ba ni labarin wanda ya zo da wanda ya wuce, da abin da Inna ta dafa, da yadda magina na yanzu ba su san tushe ba. Wani saƙon ya kai minti goma. Ƙanena ma haka yake samun nasa.

Sai ga wata bazara da azumi ya faɗo cikinta. Na ga bazara da yawa a garin nan, amma ban taɓa ganin irinta ba. Tun kafin rana ta ɗaga iskar take ƙuna. Ruwan randa ya zama kamar an ɗora shi a murhu. Wuta takan yi kwana da kwanaki ba ta zo ba, ƙanƙara ta zama abin da ake bin layi a kai. A makaranta ɗalibai biyu suka yanke jiki suka faɗi a rana ɗaya, aka riƙa tashinmu da wuri. Ɗakin Baba kansa ya canza. Benayen da suka kewaye mu suna shan rana tun safe, suna amayo mana ita har magariba, iska kuma ba ta da hanyar shigowa. Na taɓa bangon wata rana na ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi.

Tsofaffi suka fara tafiya. Ba a cewa zafi ne. Sai a ce hawan jini, ko a ce ya ɗan kwanta ne bayan azahar bai tashi ba. Saƙonnin Baba suka koma na ta'aziyya. Yau an kai mai goron bakin titi, jiya ladan, shekaranjiya matar wanzami. Na roƙe shi ya ajiye azumi ya ciyar, tunda ya haura saba'in kuma yana shan magani.

"Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ban sha azumi ba," in ji shi. "Rana ce dai. Mun yi kwaɓi a cikin wadda ta fi ta."

"Baba, wannan ba irin waccan ba ce."

"Duk rana ɗaya ce, Uwata."

Ranar goma sha bakwai ga azumi amininsa ya rasu, wanda suka koyi gini tare a wajen maigida ɗaya. Aka kai shi bayan azahar. Waɗanda suka je sun gaya mini Baba bai yarda ya tsaya a inuwa ba. Ya ga masu jera itace a kabarin ba su daidaita ba, ya karɓa ya jera da kansa, ya kwaɓa ƙasa ya toshe kafofin. Da ƙafa ya dawo gida.

Inna ce ta kira ni wajen la'asar. Na tarar da shi kwance a daɓe, jikinsa ya bushe ƙamas, ko ɗigon gumi babu, yana ta ba wa wasu leburori umarni su miƙo tubali. Fankar tana ta juyawa a kansa tana hura masa wuta. Muka jiƙa zannuwa muka lulluɓe shi, ƙanena ya zaga unguwa bai samu ƙanƙara ba. Muka sa shi a adaidaita sahu zuwa asibiti. Can muka tarar da irinsa a kan benci da ƙasa, 'yan uwansu na yi musu fifita da kwali. Aka ƙara masa ruwa. Likitar, wata matashiya da idanunta suka yi ja don gajiya, ta ja ni gefe ta ce zafin ya taɓa ƙodarsa. Kwana biyu ya yi a can. Da ya dawo hayyacinsa ya ce a mai da shi ɗakinsa, muka mai da shi. Washegari da hantsi ya cika, Inna na riƙe da hannunsa.

Bayan sallah da 'yan kwanaki na je gidan da rana, ƙanena ya tare ni a zaure. Ya rame, ya bar gemu ba gyara.

"Yaya, zauna. Akwai abin da zan nuna miki, amma kada ki tsorata."

Ya danna wayarsa ya ajiye a kan tabarma. Sai na ji sallamar Baba. Na ɗauka tsohon saƙo ne, har na fara share hawaye. Amma muryar ta ci gaba, ta tambaye ni yaya haƙuri, ta ce kada in yawaita kuka. Sannan ta kira sunana. Sunana na yanka, da muryar Baba, da 'yar shaƙewar nan da yake yi a ƙarshen magana.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dafa bango.

"Mene ne wannan?"

Ya yi mini bayani da sauri, yana tuntuɓe da kalmomi. Ya tattara duk saƙonnin da Baba ya aika masa, ya zuba su a wata manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, ta koyi muryar da yadda yake jera magana. Yanzu in ka yi mata magana sai ta amsa. Ya ce kwana goma ya yi yana gyara ta.

"Baba bai taɓa kiran sunana ba," na ce.

"Ni na rubuta mata. Na manta. Zan gyara."

"Ba gyarawa za ka yi ba. Gogewa za ka yi. Mutum yana kabarinsa kana sa masa magana a baki? Ba ka tsoron Allah?"

"Ban ce shi ba ne, Yaya. Na san ba shi ba ne." Ya sunkuyar da kai. "Ranar da zai tafi jana'izar nan ya kira ni in zo in kai shi a babur. Na ce ina da aiki, ya jira ni. Bai jira ba."

Ban san da wannan ba sai ranar. Na koma na zauna. Can ya ɗago ya ce, ai ni ce na fara kawo wannan tunanin, ya taɓa ganin littafina a akwatin Inna yana yaro, ya karanta har ƙarshe. Na ce masa abin da na rubuta don ya ba da tsoro na rubuta shi. Muka rabu a kan zai bar abin a wayarsa shi kaɗai, Inna ba za ta ji ba.

Ba a yi mako ba ta ji. Tana takaba, ba ta fita, gidan kuma shiru, sai ta jiyo muryar mijinta daga ɗakin ƙanena. Ya ce mini ta zo bakin ƙofa ta tsaya, carbi a hannu, ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Da ya gama rantse-rantse da bayani, sai ta ce, "Kunna in ji."

Daga nan kullum kafin ya tafi shago sai ya kai mata wayar. Na taɓa tarar da su. Inna na zaune a bakin gado ta gyara lulluɓi, wayar na kan matashin Baba.

"Malam, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. Ƙafar ce dai."

"Allah ya ƙara sauƙi. A riƙa shan magani a kan lokaci."

Ta juyo ta dube ni kamar wadda aka kama tana satar nama a tukunya. Ta ce ta san ba shi ba ne, ba ta haukace ba, kuma ba ta fasa yi masa addu'a ba. Shekara arba'in da biyar ta saba gaishe shi da safe, bakinta ne bai saba da shiru ba tukuna. Na lura ta fara cin abinci, wanda tun rasuwar sai an yi da gaske take kai loma uku. Na kuma lura in ƙanena ya makara bai kawo wayar ba, sai ta kasa zaune ta kasa tsaye.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Wata rana ya bar wayar tana caji a zaure ya shiga wanka. Na ɗauka, na yi sallama a hankali. Ya riga ya gyara ta, ta ce mini "Uwata". Sai na ji kaina ina cewa, "Baba, faɗi sunana." Ta faɗa. Na sa ta maimaita sau uku. Tun ina yarinya nake son in ji yadda sunan zai fito daga bakinsa, ban taɓa gaya wa kowa ba. Da na ajiye wayar sai na ji kamar na yi masa sata, na karɓi abin da ya hana ni don girmama uwarsa. Kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba.

Damina ta makara, da ta zo kuma ta zo da hauka. Wata Laraba aka fara ruwa da azahar, kafin la'asar lungunmu ya zama rafi. Ruwan da a da yake gangarawa kududdufi ya rasa wurin zuwa, ya shigo ta zaure ya kwanta a tsakar gida har gwiwa. Kwana biyu kafin ya janye. Shekarar ba a yi wa ɗakin Baba yaɓe ba, gindin bangon ya sha ruwa, wata tsaga ta buɗe daga kusurwar gabas har ƙarƙashin azara, tana shan yatsu uku.

Ƙanena ya ce a rushe a yi na bulo kafin ya faɗo wa Inna. Ni na ce a nemo magini ya duba. Na yi yawo har Ƙofar Mata wajen wani da aka ce ya taɓa aiki da Baba, na tarar ya makance. Wani kuma aka ce ya rasu a bazarar nan. Matasan da na samu suka dubi tsagar suka ce su aikin siminti suka iya. Muka yi ta jayayya a tsakar gida, har muryoyinmu suka tashi. Inna na jin mu daga ɗaki. Sai ta ce a kawo mata wayar.

"Malam, ɗakinka ya tsage. Yaron nan ya ce a rushe a yi na bulo. Me ka gani?"

Muryar ta fito a natse.

"To, ai lafiyarku ita ce gaba da komai. In kun ga hakan ya fi, a yi. Allah ya sa albarka, ya yi wa yaron nan albarka da yake kula da ke."

Inna ta sake tambaya.

"A rushe ɗakin da ka gina da hannunka, a yi na bulo?"

"Duk abin da kuka yanke daidai ne. Allah ya zaɓa mafi alheri."

Sai ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Malam da ya ji an ce bulo, da yanzu ya tara mana unguwa. Da ya zagi mai bulon, ya zagi wanda ya kawo siminti garin nan, ya ƙi cin tuwo." Ta miƙa wa ƙanena wayar. "Wata nawa nake gai da wannan, bai taɓa yi mini musu ba. Ko sau ɗaya bai ce miyar ta yi gishiri ba. Karɓi abinka."

A ranar ne na ga ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar. Ta kifa kai a kan matashinsa tana kiran "Malam, Malam", mu biyu muna tsaye kamar gumaka. Ƙanena ya fita zaure. Ban bi shi ba, kuma har yau ban tambaye shi ko ya goge ba. Ban dai ƙara jin muryar a gidan ba.

An rushe ɗakin bayan ta fita takaba, don ba yadda za a yi. Ma'aikatan suka yi kwana huɗu suna fama da bangon, suna mamakin taurinsa. Azarorin suka fito lafiya ƙalau, wani mai gidan burodi ya saye su don wuta. Ɗakin bulon da aka yi yana da kyau, da tayil da silin da taga mai gilashi. In rana ta yi, Inna ba ta iya zama a ciki. Takan ja tabarma zuwa zaure, wanda shi kaɗai ya rage na ƙasa, ta zauna da tawul jiƙaƙƙe a ka.

A zauren ta tara mu wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ta ce tana da wasiyya, kuma ba ta dukiya ba ce.

"In na mutu ku bar ni in mutu. Kada wanda ya zuba ni a cikin wannan abin. In kuna kewata ku yi mini addu'a."

Ƙanena ya ce ya ji. Ta ce bai isa ba, sai dai ya ce wallahi. Ya faɗa. Ta juyo kaina.

"Ke ma."

"Inna, ni ai ban iya ba ma."

"Ban tambaye ki ko kin iya ba."

Na rantse mata. Tun daga ranar ta daina aika saƙon murya. In tana son magana da ni sai ta kira ta katse, in na kira ta kuma ba ta wuce gaisuwa da abin da ya kawo ta. In muna hira a gida ta ga waya a kan tabarma, sai ta yi shiru a tsakiyar zance ta nuna ta da haɓa, sai an ɗauke ta an kai ɗaki sannan ta ci gaba.

Ina da tsofaffin saƙonninta guda tara a wayata, yawancinsu a kan cefane da maganin ƙafa. A ɗaya tana yi mini faɗa don na bar 'yata ta fita ba ɗankwali, a tsakiyar faɗan kuma dariya ta ƙwace mata. Na sha buɗe su da niyyar gogewa, in kai yatsa in fasa. Ban gaya mata suna nan ba.

An fara zafi tun makon jiya, da wuri fiye da bara. Na ce ta dawo wajena a Gwammaja, ko ba komai muna da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Ta ce za ta yi tunani. Likita ya ƙara mata ƙwaya ɗaya a kan maganin hawan jini, ya ce ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishirwa. Yau da na tashi daga makaranta na biya, na sayi ƙanƙara a hanya, kafin in isa rabinta ya narke a leda. Na tarar da ita tana gyangyaɗi a zaure. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙirjinta har na tabbatar yana ɗagawa, sannan na yi sallama.